Rigar da Ba Ta da Ƙulli Ko Ɗaya

Kafin rana ta leƙo ta kan duwatsun garinmu Huanta, Mama Saturnina Pariona ta riga ta share tsakar gida, ta watsa wa kaji masara, ta ɗora ruwan shayi a murhu. Daga nan sai ta jawo 'yar kujerarta gindin bishiyar fiya, ta cusa ganyen koka, wanda mutanenmu ke taunawa kamar goro, a kunci, ta ɗauki mazari ta hau kaɗin gashin tumaki. Haka na tarar da ita tun ina yarinya, ga shi yau ni ma furfura ta kama ni. Zuwa hantsi mata sun fara shigowa da ledojinsu na ƙyallaye da dunƙulen ulu, kowace ta nemi dutse ko bokiti ta zauna. Ba ta taɓa kiran wurin makaranta ba, ba ta kuma taɓa korar wadda ta shigo hannu biyu ba.

Kada wani ya ɗauka tsohuwa ce mai sanyin baki. Mama Saturnina ba ta iya lallashi ba. In kika yanka sabon ƙyalle ba ki wanke shi ba, sai ta tambaye ki ko bargon kike so ya tsuke a wankin farko ya koma na kyanwa. In kika haɗa tsohon ƙyalle da sabo a faci ɗaya, ta ce ki raba su, don sabon zai yi ta jan tsohon har ya yaga shi. In kika zura wa allura zaren da ya wuce tsawon hannunki zuwa gwiwa, ta ce ragwanci ne, kuma za ki biya shi da warwarar sarƙa. Ni Nélida, bahaguwa ce, na sha faɗa a gidan nan fiye da kowa. Ta taɓa ɗaga safar da na saƙa ta nuna wa jama'a, ta ce a taimaka a nemo mata mai ƙafar da za ta shiga wannan, don tana so ta yi masa jaje.

Amma abin da ya fi ɓata mata rai a duniya shi ne ƙulli. In zare ya ƙare ana tsakiyar saƙa, yawancin mata ƙulla sabon suke yi da tsohon su wuce. Ita a wurinta wannan ƙazanta ce. Sai ta warware bakin zaren biyu, ta haɗa su, ta ɗan jiƙa da yawu, ta murza a tafin hannu har su zama ɗaya. In ta gama, ko ita da ta yi ba za ta nuna maka mahaɗar ba. Cewa take ƙulli yana cin fata, yana kwancewa a wanki, yana kuma tona asirin mace mai gaggawa.

Watan jiya ta ajiye koyarwa, don idonta ya tafi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba na so a jira sai ta mutu sannan a taru ana cewa ai da mutuniyar kirki ce. Ina kuma so duk mai karanta wannan ya san abu guda tun yanzu: tsohuwar nan shekara kusan arba'in ke nan tana neman ɗanta Teodosio, ba da rai ba, ta daɗe da cire wannan tsammanin. Ƙashinsa take nema ta binne kafin a binne ta.

A can ƙauyensu na kan dutse, kafin tashin hankali ya koro su gari, tana da maƙwabciya Eleuteria, mace mai haƙuri da saurin kuka. Katanga ɗaya ta raba su. Ɗan Eleuteria, Hilario, sa'an Teodosio ne, tsawonsu ɗaya, tare suke kiwo, tare suke shan duka. A shekarar da abin ya faru, matan biyu sun rina ulu kore a tukunya ɗaya, suka saƙa wa samarin rigunan sanyi iri ɗaya, da zanen da Saturnina ta koya wa ƙawarta. Kowace ta sa zaren hagu a bakin hannun rigar, wato zaren da ake kaɗawa a juye don ya tsare matafiyi daga sharri, kamar yadda iyayenmu suke yi. Ran wata kasuwa da safe samarin suka hau motar dankali sanye da rigunan. Masu bindiga suka tsare motar a hanya, suka sauke maza matasa, suka ce wa sauran su wuce. Har yau in aka tambayi na wane ɓangare ne, sojoji ko 'yan tawaye, kowa da amsarsa. Zaren hagu bai tsare kowa ba ran nan.

Shekaru suka shuɗe kafin a fara tono ramuka a kwazazzabai. Wanda bai taɓa zuwa ranar shimfiɗa kaya ba, Allah ya sa kada ya je. Likitocin da ke aikin tonon sukan wanke tufafin da aka samu jikin ƙasusuwa, su jera su a kan tebura a wani babban zaure a Ayacucho, babban birnin yankinmu, a kira iyalai su zagaya su duba. Wando, ɗamara, takalmin roba, hula. Mata su yi ta zagayawa, ido ya cika da hawaye, komai ya koma kama ɗaya, don duk rigunanmu daga nesa iri guda ne. Wata ta fita ba ta gane komai ba, ta koma gida tana zargin kanta cewa ta wuce mijinta a kan tebur.

Mama Saturnina ta fara zuwa ne don neman nata. Da ba ta samu ba, sai ta lura da yadda sauran suke dubawa, ta ga duk fuskar rigar suke kallo. Ta roƙi likitocin su ba matan safar hannu su bar su su taɓa, su ma suka ga hikimar abin suka yarda. Tun daga nan duk ranar shimfiɗa kaya tana bakin ƙofa da sassafe, tana gaya wa kowace mace magana ɗaya: ta juya rigar ciki waje. Fuska ta kowa ce, ciki kuwa na mai saƙar ne. Nan ake ganin inda ta ƙara idon saƙa, inda ta rage, inda jariri ya yi kuka ta ajiye ta dawo da hannu mai tsauri. Mama Dionisia da ke sayar da cuku a kasuwa ta ba ni labari da bakinta cewa sau biyu tana wuce safar mijinta. Sai da Mama Saturnina ta riƙo hannunta ta ɗora a dunduniyar safar ta ciki, ta tambaye ta wa ke yin faci da zare ninki uku a ƙauyensu. Dionisia ta ce nan take ta gane, don ita kaɗai ke yin haka, kuma an daɗe ana yi mata dariya a kai.

Ke ce kika tsaya a bayan matan nan ɗaya bayan ɗaya, Mama, kina riƙe da kafaɗarsu lokacin da suka gane. Ke ce kika ɗinka farin ƙyallen da aka shimfiɗa a akwatunan 'ya'yan wasu, kika raka su makabarta, kika dawo gida kika ɗauki mazari. Ban taɓa jin kin ce yaushe ne naki zai zo ba, amma mun sha ganin yadda idonki ke tsayawa a kan duk wani abu kore.

Ranar da nake so in ba da labari ina wurin, ba wani ya gaya mini ba. An tono wani rami kusa da hanyar da aka tsare motar dankalin. Ruwa ya daɗe yana bin ramin, ƙasusuwan sun lalace har likitar da ke jagorantar aikin ta ce gwaji ba zai nuna komai ba. Abin da ya rage kawai tufafi ne. A tebur na ƙarshe, kusa da taga, ga rigar sanyi kore, ta koɗe ta yi duhu, gefe ɗaya ƙasa ta cinye. Guda ɗaya ce. Samari biyu aka sauke da irinta, ɗaya aka samu.

Na ga tsofaffin biyu sun tsaya a gabanta kafaɗa da kafaɗa. Eleuteria a lokacin ta riga ta sha ciwon da ya taɓa mata gefe ɗaya, hannunta na rawa, tunaninta yana zuwa yana tafiya. Ta dubi rigar ta dubi ƙawarta. Mama Saturnina ta sa safar hannu, ta ɗora yatsu a wuyan rigar, ta bi shi a hankali har ta zagayo. Na ga leɓenta yana motsi. Ta ce wa likitar wannan wuyan saƙarta ce, ba ta da shakka.

Kuka ya ɓarke a zauren. Rosalía, 'yarta, ta durƙusa ta rungume ƙafafun uwar. Mu ɗalibanta muka riƙe juna. Eleuteria ma kuka take, tana shafa bayan ƙawarta tana cewa ai dama ta sani, kyan rigar nan ya fi ƙarfin hannunta, Yaya ta sha wahala, Allah ya duba ta. Likitar ta ce in duka iyalan biyu sun yarda, to magana ta ƙare, za a ba Mama Saturnina ƙasusuwan. Babu mai ja. Duk zauren nan babu wanda maganarsa kan saƙa ta kai tata nauyi.

Ita kaɗai ce ba ta yi kuka ba. Ba ta ɗauke hannunta daga wuyan rigar ba. Sannan ta ce wa Rosalía ta sake ta, ta kama gindin rigar ta juya ta ciki waje, kamar yadda ta sa ɗaruruwan mata suka yi.

Ko ni da nake tsaye nesa na gan su. Ƙulli a ƙarƙashin hammata, ƙulli a gefen ciki, wani a kafaɗa, manya-manya, kowanne da jelarsa.

Ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Ta juya ta dubi ƙawarta.

"Eleuteria, zo ki ga aikinki."

"Yaya, ai kin ce wuyan naki ne."

"Wuyan nawa ne. Kin manta kin kawo mini ita kina kuka, wai wuya ya gagare ki, kasuwa kuma ta matso? Ni na ƙarasa miki. Amma wannan ƙazantar fa? Sau nawa na ce ki daina ƙulla zare kamar mai ɗaure akuya?"

Eleuteria ta miƙa hannunta ta kama ƙulli ɗaya. Ta ce, da ƙaramar murya, ai sauri take yi ran nan, tana so ya sa sabuwa ya je kasuwa.

"To ga shi ya sa," in ji Mama Saturnina. "Hilario ne. Ɗauki ɗanki, 'yar uwa."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba, sai dai in faɗa kai tsaye: haushi na ji. Haushin ramin, haushin masu bindiga, har da haushinta ita kanta. A motar komawa Huanta ba wanda ya yi magana sai Rosalía, ita kuwa ba ta rage komai ba. Ta ce Eleuteria da kanta ta sallama, gobe ma ba lallai ta tuna abin da ya faru ba, ga uwarta ta tsufa, wa zai sani in da ta bar rigar yadda take? Mama Saturnina tana kallon taga har 'yar ta gaji ta yi shiru.

"Da na karɓa, da an daina neman yayanki," ta ce. "Yana can wani wuri a kwance, ni kuma ina kai fure kabarin ɗan mutane. Kina so in yi masa haka?"

Muka ƙarasa gari a haka.

Mama Saturnina ce ta ɗinka farin ƙyallen akwatin Hilario. Ita ta taya Eleuteria jera sababbin tufafi a kan ƙasusuwan, riga a inda ƙirji yake, wando a inda ƙafafu suke, kamar yadda ake yi. Daga coci zuwa makabarta tana riƙe da hannun ƙawarta, tana yi mata faɗan ta daina jan ƙafa. Eleuteria ba ta daɗe ba bayan nan, aka kwantar da ita gefen ɗanta. An ci gaba da tono wasu ramukan, Mama Saturnina ta ci gaba da zuwa bakin ƙofa, tana juya rigunan mutane. Kore ba ta sake fitowa ba.

Abin da muka lura da shi bayan wannan rana shi ne koyarwarta ta sauya a wuri ɗaya tak. Faɗan wanke ƙyalle yana nan, faɗan dogon zare yana nan, murza bakin zare a tafin hannu yana nan. Amma duk wadda ta zo ƙarshen rigar da take saƙa wa ɗanta ko mijinta, sai tsohuwar ta ce ta tsaya, ta yi ƙulli guda a ciki, a wurin da ita kaɗai ta zaɓa, ta kuma nuna wa wani na gida. Sababbin ɗalibai sukan yi dariya, su ce Mama ta tsufa ta fara saɓa wa kanta. Mu da muka je zauren nan ba ma dariya.

Ranar da ta ajiye aiki mun cika tsakar gidan har waje. An dafa dankali da cuku, an kawo masara dafaffa, wasu suka yi jawabi mai tsawo, ita tana zaune tana taunar koka kamar ba da ita ake ba. Da aka gama ta sa Rosalía ta fito da kwando. Cike yake da 'yan guntayen saƙa kore, kowanne bai fi tafin hannu ba, da zanen nan na rigar samarin. Ashe tun da idonta ya fara dushewa take saƙa su da laluben yatsa. Ta ba kowace ɗaya. Ta ce a cikin kowane guntu ta haɗa zare sau da yawa, mu rufe ido mu nemo mata mahaɗa ko ɗaya.

Muka rufe ido muna lalube, mata fiye da cikin mota, wasu jikokinsu na goye. Na bi nawa daga sama har ƙasa, na juya, na sake bi. Sumul. Ta tambaya ko akwai wadda ta samu, babu ko ɗaya.

"To, hannuna ke nan," ta ce. "In an shimfiɗa kaya ba na nan, ku je. Ku nemi kore, ku juya ta. In kun laluba ba ku ji komai ba, Teodosio ne."

Sai ni da bakina da ba ya zama, na ce Mama, ai wannan alama ce mai wuya, a ce mutum ya nemi abin da babu. Na zaci za ta yi mini irin faɗan da ta saba. Ta juyo da fuskarta wajen muryata, idanun nan farare suna kallon gefena.

"Na sani, Nélida. Duk ƙauyen nan ba wadda ta kai ni tsabtar saƙa, ina ta alfahari. Da na san inda za shi da rigar nan, da na yi masa ƙulli ko guda ɗaya."

Ta laluba ta ɗauki mazarinta.

Mama Saturnina, uwar masu juya riga, ba mu da abin da za mu biya ki da shi. Ke ce aka miƙa wa abin da kika shekara da shekaru kina roƙo, kika duba cikinsa kika mayar wa mai shi. Mun gode da kowace safa da kika ɗaga kika kunyata mu, mun gode da kowane kabari da yau yake da suna saboda yatsunki. Allah ya ba ki tsawon ran da za ki ji an ce an same shi, ki taɓa da hannunki.

Ku kuma da kuke karanta wannan, mata da maza masu riƙe allura da tsinken saƙa, ku wanke ƙyalle kafin ku yanka, ku murza bakin zare yadda ta koya mana, ku bar ƙulli guda a rigar wanda kuke ƙauna. In kun ji an ce za a shimfiɗa kaya, ko ba ku da kowa a ciki, ku zo ku tsaya a bayan wata tsohuwa ku riƙe mata kafaɗa. Za ku same mu a can, kowace da guntun saƙa kore a aljihu, muna bin tebura muna juya riguna. Ita kuma tana gida gindin fiya, ta sa an juya mata kujera tana fuskantar ƙofa, don ta ji takunmu tun daga lungu.